Shekara Ɗaya Ba Sitiyari: Nazarin Lamarin Wani Direban Tirela a Legas

Asalinsa da aikinsa, 2004 zuwa 2016

Mutumin da wannan nazari ya shafa direban tirela ne ɗan asalin kudancin Katsina, yanzu shekarunsa arba'in da 'yan kai. An sakaya sunansa da na iyayen gidansa da garejin da ya yi aiki. Ya shigo Legas a 2004 a matsayin yaron mota, irin shigowar da mafi yawan direbobinmu suka yi: wankin mota, sa waigi a taya, gadin kaya idan direba ya kwanta, daga baya a riƙa sakar maka sitiyari a cikin gareji, sannan a kan hanya idan dare ya raba. A 2011 ya sami lasisin rukunin G, wanda shi ne na motoci masu kai da bodi.

A 2014 wani kamfanin jigila mai tireloli ashirin da wani abu ya ɗauke shi. Aikinsa ɗauko kwantena daga tashar jiragen ruwa ta Apapa ko Tin Can ya kai Kaduna ko Kano, ta Ibadan, Ogbomosho, Ilori, Jebba da Mokwa. Albashin wata bai taka kara ya karya ba, abin da ke riƙe gida shi ne kuɗin sawu, wato gwargwadon yawan lodin da ka kai, gwargwadon abin da za ka samu. Kamfanin yana ƙarƙashin tsarin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta kafa a 2007 ga duk mai motocin haya biyar zuwa sama, saboda haka yana da jami'in kula da lafiyar tuƙi da fayil na kowane direba. Kamar kowane kamfani irinsa, bai ba shi makulli ba sai da ya kawo garanto. Wanda ya tsaya masa wani Alhaji ne ɗan garinsu mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12, wanda yake kira Kawu ko da yake ba jini ya haɗa su ba.

Matarsa da 'ya'yansa biyar suna zaune a ɗaki biyu a Agege. Har zuwa 2016 babu haɗari ko ɗaya a fayil ɗinsa.

Layin Apapa da farkon sha, 2017 zuwa 2021

Wanda bai ga Apapa a waɗannan shekaru ba zai yi wuya ya gane yadda mutumin da ba ya wasa da salla ya wayi gari da barasa a aljihun ƙofar motarsa. Hanyoyin shiga tashar sun koma garejin dole. Tireloli da tankoki sun yi layi a kan gadar Ijora, layin kan miƙe har wajen Ojuelegba, ta ɗaya ɓangaren kuma daga Coconut har bayan Mile 2. Direba kan shafe sati ko fiye kafin ya shiga ya yi lodi. Ba ya iya barin mota, don layi na iya motsawa a kowane lokaci, kuma idan ya juya baya sai ya tarar an zare batir ko an zuƙe gas. A kan kujera yake kwana, ko ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin bodi. Babu banɗaki, babu abinci na kirki, kuma duk ranar da ya yi a layi rana ce da ba a biyan kuɗinta.

A nan ciwon baya ya kama shi, basir ya biyo baya. Matan da ke yawo da faranti tsakanin motoci suna sayar da abin da Yarbawa ke kira faraga: saiwoyi da ɓawon itace da aka jiƙa a cikin barasar ogogoro ko jin, kowace kwalba da cutar da aka ce tana magani. Akwai ta baya, akwai ta basir, akwai ta zazzaɓi. Wani abokin aikinsa ne ya fara miƙa masa ƙaramin kofi, kuma a daren ya yi barcin da ya kwana biyu bai yi ba. Bai taɓa shiga gidan giya ba, kuma har aka kama shi bai ɗauki kansa mashayi ba. A wurinsa magani yake sha.

Kafin 2019 ta ƙare ya bar kofi ya koma 'yan ledoji, waɗannan ƙananan fakitin barasa da ake sayarwa a kowace tasha a kan kuɗin da bai kai na shayi da biredi ba. Ƙarfin barasar wasunsu yana kai kashi 40 cikin 100. Sun fi sauƙin ɓoyewa, ba kwalba, ba ƙara, ka yage da haƙori ka jefar da ledar ta taga. A 2020 yana shan huɗu zuwa biyar a yini, mafi yawa da dare, ɗaya da asuba don hannunsa ya daina rawa.

Yaron motarsa ya taɓa yi masa magana. "Oga, wallahi warin abin nan yana fita." Ya ce masa, "Kai yaro, maganin baya ne. Je ka duba taya."

A Fabrairun 2021 Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa, NPA, ta fito da tsarin Eto, inda mota ke jira a gareji irin na Lilypond har a kira ta ta waya. Da duk ƙorafin da ake yi a kansa, layin kan gada ya ragu ƙwarai. Dalilin da ya jawo shan ya yi sauƙi, shan kuwa yana nan inda yake.

Haɗarin da kamun, Nuwamba 2022

Ya fito daga tasha da tsakar dare ɗauke da kwantena mai ƙafa 40, ya tsaya kusa da Mile 2 don ya jira wayewar gari. Wajen ƙarfe 1 ya sha leda huɗu, ya yi barcin awa uku ko huɗu, ya ƙara ɗaya da asuba a kan shayi. Wajen ƙarfe 7 na safe, a kan babbar hanyar Apapa zuwa Oshodi daidai Cele, wata danfo, ƙaramar bas ta haya, ta tsaya kwatsam a gabansa don ɗaukar fasinja. Ya taka birki a makare ya daki bayanta. Fasinjoji biyu suka ji rauni, ɗaya ya karye a hannu. Babu wanda ya rasu.

Lokacin ya faɗo cikin sintirin watannin ƙarshen shekara da FRSC ke yi, kuma jami'an da suka iso suna ɗauke da na'urar gwajin numfashi. Ya hura, ta nuna 0.08. Iyakar da dokar Najeriya ta sa ita ce gram 0.05 a kowane mililita 100 na jini.

Ya rantse cewa bai bugu ba, kuma da gaske yake a yadda yake jin jikinsa. Lissafin jiki daban ne. Hanta tana rage barasar da ke cikin jini da kimanin 0.015 ne kawai a awa ɗaya, kuma goro, shayi mai kauri ko wanka da ruwan sanyi ba sa ƙara mata sauri. Abin da ya sha da dare bai gama fita ba ya ɗora na asuba a kai. Gudun da aka yarje wa tirela a irin wannan hanya kilomita 60 ne a awa, wato kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, kuma kwantena mai ƙafa 40 cike da kaya tana iya kai tan 30. Jinkirin rabin daƙiƙa kafin ƙafa ta kai birki ya fi tsawon danfo guda. Mai danfon ma yana da nasa laifin, amma da na'ura ta yi magana babu wanda ya sake waiwayarsa.

Kotu da abin da ya biyo baya, Disamba 2022

Ya kwana uku a hannun 'yan sanda kafin wakilin ƙungiyar direbobi ya karɓi belinsa. A jadawalin da FRSC ta daɗe tana aiki da shi, tarar tuƙi cikin maye a lokacin naira 5,000 ce da maki 5 a kan lasisi, kuma da wannan lissafi abokansa suka riƙa kwantar masa da hankali. Sai dai da yake an ji rauni, maganar ta wuce tikiti ta tafi kotun majistare, kuma Legas tana da tata dokar sufuri ta 2018 wadda ta fi tsanani. An tuhume shi da tuƙi cikin maye da tuƙin ganganci. Lauyan da ƙungiya ta samo ya ba shi shawarar ya amsa laifi, tunda ga sakamakon na'ura ga shaidu, kuma jan shari'a na nufin mota ta ci gaba da zama a tsare. Ya amsa ta bakin tafinta.

Kotu ta ci shi tara, ta umarce shi ya biya kuɗin maganin waɗanda suka ji rauni, ta dakatar da lasisinsa na wata 12. Ba a ɗaure shi ba. Ya fito yana godiya ga Allah, yana ganin an wuce wurin.

Motar ta yi kusan sati uku a tsare. Kamfanin jirgin ruwa mai kwantenar ya riƙa lissafa kuɗin jinkiri kowace rana, mai kaya a Kano ya yi barazanar janye kwangila, kamfanin inshora kuma ya ƙi biyan gyaran kan motar saboda sharaɗin da ke cikin takardarsu cewa ba sa ɗaukar asarar da direba ya jawo cikin maye. Kamfani ya haɗa lissafin sama da naira miliyan biyu, ya riƙe kuɗin sawun da yake bin su, ya sallame shi, sannan ya kira garanto. Bayan zama biyu Alhaji ya yarda zai biya naira 600,000 a hankali.

Abin da Alhaji ya faɗa masa a rumfarsa gajere ne. "Ɗana, kuɗin ba su dame ni ba kamar yadda na ji labarin a bakin Bayerabe. Ni na sa hannu na ce na san ka. Ashe ban san ka ba."

Abubuwan da aka gwada ba su yi ba, Janairu zuwa Yuni 2023

Na farko ɓoyewa. Ya gaya wa matarsa da mutanen unguwa cewa birki ne ya shanye. Wannan bai yi sati biyu ba. Yaron mota ya san gaskiya, wakilin ƙungiya ya sani, kuma manajojin sufuri na Apapa suna da zaurukansu na WhatsApp inda hoton mota da sunan direba ke zagayawa tun kafin a janye ta daga kan titi. Ƙaryar ta ƙara masa laifi na biyu a idon mutanen da zai buƙata daga baya.

Na biyu sabon lasisi. Wani dillali ya ce zai fitar masa da wani da sunan da aka ɗan juya, ya karɓi naira 70,000 daga kuɗin da matar ta tara na adashe. Tun 2011 ake ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu kafin a ba da lasisi, daga baya kuma aka haɗa shi da lambar ɗan ƙasa ta NIN. Abin da dillalin ya kawo kati ne mai kyan gani wanda lambarsa ba ta cikin kundin hukuma. Kamfanin farko da ya nuna wa ya duba lambar a intanet a gabansa, ya miƙo masa katin ba tare da ya ce komai ba. Ya yi sa'a da ba su kira 'yan sanda ba.

Na uku tuƙin ɓoye. A Legas kullum akwai mai tsohuwar mota ɗaya ko biyu da ba ya tambayar takarda, musamman a aikin dare na kwashe kwantenonin da aka sauke wa kaya. Ya yi wata ɗaya da irin wannan. Ana ba shi rabin abin da ake ba direba mai lasisi, don mai motar ya san ba shi da inda zai kai ƙara. Tayoyin sun suɗe, makullan da ke riƙe kwantena biyu ne kawai ke aiki cikin huɗu. A ƙarshen Janairun wannan shekarar ne kwantena ta faɗo kan wata bas a Ojuelegba ta hallaka mutum tara, kuma jami'ai suka tsananta bincike. Ya lissafa abin da zai same shi idan aka kama shi, mai hukunci a kansa, yana tuƙi da lasisin da aka dakatar, ya ajiye makullin da kansa.

Acaɓa, wadda a da ita ce mafakar duk ɗan Arewa da aiki ya ƙwace wa, ba ta zama mafita ba. Tun 1 ga Yuni 2022 gwamnatin jiha ta hana ta a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Apapa, Surulere da Ikeja, ana kama babura ana murƙushe su.

Na huɗu shi ne wanda ya fi sa rai a kansa. Da azumi ya kama a ƙarshen Maris ya yi rantsuwa a gaban limamin unguwarsu cewa ya bari, aka yi masa rubutu, ya lazimci sahun farko. Kwanakin farko ya sha wuya: rawar hannu, gumi, rashin barci, faɗuwar gaba. Ya daure har Salla. Amma ciwon bayan yana nan, kuma babu wanda ya taɓa duba shi. Sati biyu bayan Salla wani mai shago ya ba shi tiramol, yana cewa ai wannan ba barasa ba ce. Kafin Yuni yana haɗa ƙwayar da leda.

A daidai lokacin kasuwar aikin ma ta tsuke. Kuɗin gas ya ninka fiye da sau biyu a 2022, an yi ƙarancin takardar naira a farkon 2023, sannan aka cire tallafin fetur a 29 ga Mayu. Masu motoci da yawa sun jingine wasu, direbobi masu tsabtataccen fayil suna zaune a gareji suna jiran kira. Babu dalilin da zai sa wani ya ɗauki mai tabo.

Asibiti da aikin gareji, Yuli zuwa Disamba 2023

Matarsa ce ta juya al'amarin. Ta tsinci fakitin ƙwaya a aljihun rigarsa, ba ta yi masa magana ba, ta hau mota zuwa Mile 12. Ta ce wa Alhaji, "Kawu, ko dai ku kama shi ku kai shi asibiti, ko ku ba ni kuɗin mota in kwashe yara in koma gida." Alhaji, wanda har lokacin yana biyan bashin da ba shi ya ci ba, ya tura ƙaninsa ya raka shi.

Da ya ji an ambaci asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba sai ya tubure, ya ce shi ba mahaukaci ba ne. Wannan tunani ya hana mutanenmu da dama zuwa inda taimako yake. Asibitin yana da sashen masu fama da shaye-shaye, kuma ba kowa ake kwantarwa ba. Shi an sa shi a jerin masu zuwa daga gida. Likita ya yi masa bayanin da bai taɓa ji ba, cewa mai shan barasa kullum idan ya yanke ta lokaci guda ba tare da kulawa ba yana iya faɗuwa da farfaɗiya, kuma tiramol ma tana da nata kamun. Aka janye shi daga duka biyun a hankali cikin makonni, aka haɗa shi da mai ba da shawara duk sati biyu. Aka kuma tura shi babban asibiti saboda bayan. Hoto bai nuna abin da ke buƙatar tiyata ba. An ba shi atisayen gashin ƙashi, magungunan da ba sa kama mutum, da umarnin kada ya zauna fiye da awa biyu bai miƙe ba. Basir ɗin ma aka yi maganinsa. Shekara shida yana shan magani a bakin titi kafin wani likita ya taɓa bayan nan.

A Satumba ƙanin Alhaji ya samo masa aiki a wani garejin tireloli a Amuwo. Ba tuƙi ba ne. Shi ne mai rubuta motar da ta shiga da wadda ta fita, ya duba taya da fitila da makullan kwantena kafin a buɗe ƙofa. Kuɗin bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da ya saba samu ba, kuma yaran da ya koya wa tuƙi suna wucewa ta gabansa suna ɗaga masa hannu daga saman mota. Ya ce wannan ya fi kwanan ofishin 'yan sanda ciwo. Amma mai garejin yana ganinsa kullum daga ƙarfe 6 na safe, kuma wata huɗu bai makara ba, bai zo da wari ba. Sau biyu ya hana mota fita saboda makulli bai kama ba, direbobin suka zage shi, mai garejin ya lura.

A Disamba wa'adin kotu ya cika. Ya karɓo lasisinsa, ya je cibiyar horar da direbobi ta jihar Legas, LASDRI, inda ake gwada ido da sake tantance direbobin haya, ya fito da katinsu.

Neman komawa, Janairu zuwa Afrilu 2024

Ya ɗauka da lasisi a hannu ƙofofi za su buɗe. Manyan kamfanoni, masu siminti da lemo da man fetur, su ne masu albashi mai kyau da sababbin motoci, kuma su ne masu fom mai tambayar ko kotu ta taɓa hukunta ka. Suna neman takardar shaidar hali daga 'yan sanda, suna gwajin barasa da ƙwaya, suna kiran inda ka baro. A na farko ya amsa da a'a. Ya ci gwajin tuƙi, aka kira tsohon kamfaninsa, magana ta mutu. A na biyu ya faɗi gaskiya, jami'in ya gode masa, ya ce ƙa'idarsu ba ta ba shi dama ba. Batun tanka bai ma taso ba. Tun gobarar gadar Otedola ta 28 ga Yuni 2018 masu dakon mai a Legas suke ƙara taka-tsantsan da wanda za su ba mota. Wani shiri da ya daɗe yana yi na tafiya Saudiyya tuƙin manyan motoci shi ma ya tsaya, don wakilin ya ce sai da takardar 'yan sanda mai tsabta.

Wanda ya ɗauke shi a ƙarshe mai garejin Amuwo ne, mai tireloli bakwai. Ya kira shi ofis ya ce, "Malam, na san abin da ya faru, kuma na ga zamanka a nan. Zan ba ka mota, amma da sharaɗi." Sharuɗɗan an rubuta su an sa hannu. Zai hura na'ura kowace safiya a gaban mai gadi, kuma abin da aka yarda da shi sifili ne, ba 0.05 ba. Sawu na kusa kawai, Apapa zuwa Agbara, Ota ko Ikorodu, da rana, ya kwana a gida. Motar tana da na'urar bibiya. Albashin wata tsayayye, babu kuɗin sawu. Garanto biyu, gwaji na wata shida. Alhaji ya ce shi ya gama sa hannu wa kowa a duniya, amma bai hana ƙaninsa ba. Na biyun ma'ajin masallacin unguwarsu ne.

Ya koma sitiyari a Afrilu, wata 17 bayan haɗarin.

Watannin gwaji da inda aka tsaya

A wata na uku na'ura ta nuna 0.02 wata safiya. Ya ce zazzaɓi ya yi da dare maƙwabciya ta ba shi jiƙo, bai tambayi da me aka jiƙa ba. Ko haka ne ko ba haka ba, mai motar ya ajiye shi sati guda ba biya, ya ce sai ya kawo takarda daga mai ba shi shawara a asibiti. Ya kawo. Daga nan har ƙarshen gwajin ba a sake ganin komai ba, kuma aka tabbatar da shi a Oktoba 2024.

A 2024 ledojin suna nan a tasha. Hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta sanar da fara aiwatar da haramcin barasar leda da ƙananan kwalabe 'yan ƙasa da mililita 200 a Fabrairun 2024, masu masana'antu suka yi ca, kuma duk wanda ya tsaya a Mile 2 bayan nan ya ga faranti bai ragu ba. Kullum ta gabansu yake wucewa.

Samunsa yanzu kimanin kashi biyu cikin uku ne na abin da yake samu a hanyar Kano, a lokacin da kuɗin abinci da haya suka yi sama. Babbar 'yarsa ta bar makarantar kuɗi ta koma ta gwamnati. Yana biyan Alhaji naira 20,000 duk wata.

Me ya yi aiki, kuma me ya sa

Idan aka jera asarar, hukuncin kotu shi ne mafi sauƙi a ciki. Tara an biya ta a rana ɗaya, dakatarwa ta ƙare a wata 12. Abin da ya kusan kashe sana'ar shi ne yadda ake ɗaukar direba a Legas: mota ta miliyoyi da kayan wani ba a miƙa su ga lasisi, ana miƙa su ne ga mutumin da wani ya ce ya sani. Hukuncin ya zama shaidar da ba ta goguwa cewa garanto ya yi kuskure. Duk dabarun da ya gwada, ƙaryar birki, katin dillali, tuƙin dare, a'a ɗin da ya rubuta a fom, ƙoƙari ne na zagaye wannan tabo, kuma kowanne ya ƙara rage yawan mutanen da za su iya tsaya masa.

Rantsuwar azumi ba ta tashi a banza ba. Ita ce karo na farko da ya furta da bakinsa cewa barasa yake sha, kuma ma'ajin da ya sa masa hannu daga baya yana wurin a ranar. Ta gaza ne domin ta bar ciwon baya da kamun jiki yadda suke, shi ya sa ƙwaya ta sami wurin shiga. Asibiti ya taɓa waɗannan biyun. Aikin ƙofar gareji kuma, wanda ya ɗauka wulaƙanci ne, shi ya samar da abin da babu takardar da za ta ba shi: wata huɗu a gaban idon mai mota.

A ganina sharaɗin da ya fi nauyi a yarjejeniyar shi ne cire kuɗin sawu da kwana a gida, ko da yake na'urar hurawa ce kowa ke magana a kanta. Na'ura tana kama wanda ya sha. Albashi tsayayye da gadon kwana suna rage abin da ke tura direba ya sha tun farko, wato gaggawar ƙara sawu, barcin kujera da jira marar iyaka. Tsohon kamfaninsa yana da jami'in kula da lafiyar tuƙi da fayil mai kauri, amma shekara biyar mutum yana sha a motarsu babu wanda ya sa shi ya hura komai ko ya tambaye shi lafiyar bayansa. Wannan ba ya ɗauke masa laifi. Shi ya yage ledar da asuba, kuma wanda ya karye a hannu bai ci masa komai ba.

Akwai kuma sa'a, wadda ba za a iya tsara ta ba. Da fasinjan nan ya mutu, tuhumar da hukuncin da sun zama wasu daban. Da matar ta tafi gida maimakon Mile 12, ko da Alhaji ya rufe ƙofarsa gaba ɗaya, da wuya a kai ga Yaba. Direbobi da yawa masu irin wannan hukunci suna ƙarewa ne a tsofaffin motocin dare, inda ba a tambayar takarda kuma ba a gyara birki.

Manyan kamfanoni har yanzu a rufe suke gare shi, kuma tambayar da ke cikin fom ɗinsu ba ta da wa'adi. A farkon 2025 ya roƙi ubangidansa ya bar shi ya riƙa kai lodi Ibadan, wanda zai sa ya riƙa wucewa ta garejin Ogere, inda tireloli ke yada zango, ya kuma kwana a waje wani lokaci. Mai motar ya ce a bari sai ya cika shekara biyu na'ura ba ta nuna komai ba, kuma lissafin zai fara ne daga safiyar da ta nuna 0.02.